Lambar Yaƙin Gidan Ɗanmaraya

In dai ka taɓa shiga kasuwar hatsi ta Jibiya ko da sau ɗaya ne, to ka ji muryar Badaruddeen, ko ba ka ga fuskarsa ba. Dillalin gero ne, amma geron da yake sayarwa bai kai rabin surutun da yake zubawa ba. Gajere ne mai tumbi da gashin baki, ya ba hamsin baya, kuma kullum a wuyansa akwai wata tagulla zagayayya rataye da igiyar fata, an buga mata lamba 14. Ita ce kaɗai abin da ubansa, marigayi Ɗanmaraya, ya bar masa.

Shi Ɗanmaraya daga ƙetaren iyaka ya zo tun zamanin Turawa, ya yi ta tallar kanwa har ya rasu Badaru yana ɗan shekara shida. Bai taɓa gaya wa kowa abin da ya raba shi da gida ba. Wannan shiru kuwa ya yi wa Badaru daɗi, don ya samu fili ya shuka abin da ya ga dama. Da farko uban nasa sojan Faransa ne. Bayan shekara biyu ya zama sajan. Kafin a ankara, ya zama mutumin da kumandan, wato babban Baturen sojan Faransa, ba ya karyawa da safe sai ya tambaye shi yadda za a yi yaƙin ranar. Ita kuwa lamba 14, yau yawan yaƙin da ya ci ne, gobe yawan maƙiyan da ya kama da hannu ɗaya, ya danganta da wanda ke saurare.

To, ana cikin haka ɓarayi suka addabi rumfunan hatsi. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta ɗauki samari ashirin su riƙa gadi, aka ce sai an ba su kwamanda. Alhaji Uwaisu, shugaban ƙungiyar, ya ce ranar Lahadi zai faɗi sunan wanda aka zaɓa. Mutum biyu ke nema. Akwai Maharazu, tsohon maharbi, dogo siriri wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba. Akwai kuma Badaru, wanda tun kafin a gama taron ya kai wa tela yadin kaki.

Ranar Laraba ana zaune a rumfar Alhaji, Badaru ya ɗaga tagullarsa sama.

"Alhaji, wai ma mi ake jira? Shi yaƙi a jini yake. Wane ne a kasuwar nan ubansa ya bar mashi lambar yabo? Maharazu, kai mi ubanka ya bar maka?"

"Gona," in ji Maharazu.

"Kun ji ko? Gona! Gona za ta kori ɓarawo?"

Lawwali direba, mai zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, yana gefe yana shan fura. Ya ɗago kai ya ce, "Ai kuwa akwai wani ƙauye a can ƙetare, Kukar Sarjan, in ka bar titi ka yi yamma. Akwai tsohon barikin Faransa, sun mai da ɗaki ɗaya wurin ajiye kayan tsofaffin sojoji. Ba kowa ya san shi ba. Na ji an ce har hotuna akwai."

Da mutumin kirki ne, da sai ya yi shiru. Ina! Badaru ya doki ƙirji.

"Kukar Sarjan? Ai garin babana ke nan! Ko a takardarshi ta asibiti haka aka rubuta. Hotonshi na can a bango, shi ne na farko in ka shiga!"

"Ka taɓa zuwa?" in ji Alhaji Uwaisu.

"Sai na je? Wanda ya ci yaƙi sha huɗu, hoton wa za a sa in ba nashi ba?"

Maharazu ya ce, "To mu je mu gani."

Alhaji ya yi ɗan tunani ya ce, "Magana ta yi. Gobe Lawwali ya kai mu. Badaru, in na ga ubanka a bangon nan da idona, kujerar kwamanda taka ce, ba sai an kai Lahadi ba."

Kada ka ɗauka tsoro ya kama Badaru. Ya daɗe yana faɗin labarin nan har shi kansa ya yarda da shi. Ya isa gida yana ƙwala wa matarsa Fatu kira tun daga zaure.

"Fatu! Fito mani da babban akwati. Ƙasar waje za ni!"

"Makka ko Masar?"

"Nijar."

Fatu ta ajiye muciya ta dube shi. "Malam, ƙasar wajen da akuyar gidanmu ke shiga kiwo da safe ta dawo da la'asar?"

"Ke ba ki san tafiya ba. In aka duba takardarka, ka fita waje ke nan. Sa mani bargo, da garin kwaki, da sukari, da kwat ɗin nan mai nauyi."

"Kwat? Cikin wannan zafi na kaka?"

"Yanayin kowace ƙasa daban yake."

Washegari da hantsi ya fito sanye da sabon kaki, ya ɗora kwat a kai, ga takalmin soja na gwanjo da ya fi ƙarfin ƙafarsa. Kafin su wuce Magama, garin bakin iyaka, gumi ya jiƙa shi sharkaf, amma ya ƙi cirewa. A hanya ya gargaɗi kowa.

"In mun kai iyaka kowa ya kama bakinshi. Waɗannan mutane Faransanci kawai suke ji. Ni a gida na sha shi."

Alhaji Uwaisu, wanda ya yi shekara arba'in yana kai gero Maraɗi da Hausarsa, ya ci gaba da jan carbinsa.

Da suka isa shingen ƙetare, wani jami'i matashi ya leƙo ta taga. Badaru ya sara masa har hannunsa ya bugi rufin mota.

"Banjur, mushe!"

Jami'in ya ga mutum cikin kaki da kwat, sai ya zuba masa tambaya da Faransanci. Badaru ya ce, "Wi!" Ya sake wata, Badaru ya ce, "Wi, wi!" Ya sake ta uku yana ɓata fuska, Badaru ya yi murmushi ya ce, "Wi, mushe, wi!"

Kafin ka ce me, an fito da su duka, an jera su a rana. Aka zazzage akwati a kan tebur: bargo, garin kwaki, sukari, buta, da hoton Badaru kansa cikin gilashi. Aka cire kujerun mota, aka leƙa ƙarƙashi. Sai da aka yi awa guda, sannan jami'in ya dawo yana share gumi, ya yi magana da Hausa tsantsa.

"Baba, ina makamin?"

"Wane makami?"

"Na tambaye ka ko soja ne kai, ka ce e. Na ce kana ɗauke da makami, ka ce e. Na ce a cikin motar yake, ka ce e kana dariya."

Lawwali ya riƙe ciki ya durƙusa. Jami'in ya ƙara duban Badaru da kyau ya ce, "Tsaya ma. Ba kai ne dillalin da ya sayar wa gwaggona buhun gero rabinshi tsakuwa ba?"

"Kama ce," in ji Badaru, ya shige mota da sauri.

Suka bar titi suka bi turbar yashi tsakanin gonakin gero. Da rufin kwanon ƙauyen ya fara bayyana, Badaru ya hango wani dogon rami a gefen hanya. Ya daki kafaɗar Lawwali.

"Tsaya! Tsaya! Allahu akbar! Ga shi nan. Alhaji, fito ka ga tarihi. Wannan shi ne ramin da babana ya kwanta kwana tara ba ci ba sha, harsashi na wucewa ta kanshi. Dubi yadda aka haƙa shi. Aikin Turawa!"

"Ramin ya yi sabo," in ji Maharazu.

"Kai maharbin zomo ne, ina ka san ramin yaƙi? Bari in nuna maku yadda soja ke shiga."

Ya ja da baya, ya ruga, ya yi tsalle. Saman ramin ne kawai ya bushe, ƙasansa taɓon damina ne. Ji kake caɓal! Badaru ya nutse har cinya. Ya ja ƙafar dama, ta hagu ta ƙara shiga. Wani manomi da ke yankan gero kusa ya taho da laujensa, ya tsaya a bakin ramin yana kallo.

"Sannunku da zuwa. Wanga bawan Allah mi yake nema a ciki?"

"Ramin yaƙin ubanshi yake nuna mana," in ji Lawwali.

"Yaƙi? Ai nan muka ɗebi ƙasar ginin cocinmu bara. Ni Jonathan da hannuna na haƙa inda yake tsaye."

"A kan tsohon ramin kuka haƙa!" Badaru ya yi ihu daga ƙasa. "Ku fid da ni!"

Da igiyar jan mota aka ciro shi, Maharazu na ja, Jonathan na ja. Ya fito, amma takalmin hagu ya zauna a can. Haka ya shiga Kukar Sarjan, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, taɓo har ƙugu, matan gari na leƙowa ta kan danga.

Barikin dai ɗaki ne guda na dutse da ƙasa, a gindin wata tsohuwar kuka. A ƙofa wata tsohuwa na zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Jonathan ya ce sunanta Leah, ita ke riƙe da makulli tun rasuwar mijinta. Aka gaisa, ta tambayi gajiya da mutanen gida, ta buɗe masu.

Ba wani abin a zo a gani a ciki. Hular ƙarfe mai tsatsa, gorar ruwa ta soja, begila da ta lanƙwashe, wata tsohuwar ragamar fata a rataye a ƙusa, da allo mai sunayen samarin garin da aka ɗauka yaƙi. Amma a bangon da ke kallon ƙofa akwai hoto. Wani saurayi ne cikin kaki da jar hula, gajere, mai faɗin goshi. Wallahi ko makaho ya shafa ya san jinin Badaru ne. Har Maharazu sai da ya ja numfashi.

Badaru ya fashe da kuka na gaske. "Baba! Ga shi nan! Alhaji, ka gani? Na farko in ka shiga! Mi na ce maku? Lawwali, ɗauko wayarka ka ɗauka, mutanen kasuwa su gani!"

Lawwali ya ɗaga waya ya fara ɗauka. Alhaji Uwaisu ya gyara tabarau, ya dubi hoton, ya dubi Badaru, ya ce, "To, gaskiya kama ta yi kama."

Leah ta matso a hankali. "Kai ɗan wa ne?"

"Ni ne Badaruddeen, ɗan Sajan Ɗanmaraya, wannan da ke bango! Ga ma lambar yabonshi." Ya ciro tagullar ya miƙa mata har hanci.

Tsohuwar ta kama tagullar, ta juya ta, ta ga lambar. Sai ta saki wata irin guɗa da ta sa tsuntsayen kuka tashi.

"Jama'a ku taho! Lambar alfadari ta dawo! Jonathan, kira mutane, lambar alfadari ta dawo gida!"

"Wane alfadari?" in ji Badaru. "Iya, ki iya bakinki. Wannan lambar jarumta ce."

"Awo? To zo ka sa ta nan da hannunka."

Ta sauko da ragamar nan daga ƙusa. A goshinta akwai wani zagaye inda fatar ta fi sauran haske, da 'yan ramukan ƙusa biyu, kuma a gefe an ƙona lamba 14 da wuta. Badaru, don ya ƙaryata ta a gaban waya, ya ɗora tagullar a wurin. Ta zauna daram, rami ya hau kan rami.

Kafin nan ɗakin ya cika, wasu na leƙe ta taga. Leah ta gyara ɗaurin zani ta fuskanci baƙi.

"Alhaji, ku saurara. Shekarar da Faransa ta ce garin nan ya ba da samari uku, ƙuri'a ta faɗa kan Ɗanmaraya. Ranar da za a tahi da su, aka ce ya ja alfadarin kumandan ya kai shi rijiya ya sha ruwa. Ya kai shi. Da ya ga ba mai kallo, ya ɗare bayanshi ya yi kudu. Kwana uku sai ga alfadari ya dawo shi kaɗai, ashe kayar da shi ya yi kusa da iyaka. Ya dawo da ragama, amma ba tagulla. Mutumin ya ɓamɓare ta, ya ɗauka zinariya ce."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Badaru ya kumbura.

"Ƙarya ne! To wane ne wannan a hoto?"

"Ƙanenshi ne, Ɗanasabe. Shi aka kama a madadinshi, yana ɗan shekara sha shida. Hoton nan kaɗai ya dawo."

"Tsohuwa, za ki ga abin da zan yi! Zan kai ƙara! Ni za ki ci wa mutunci gaban shugabana?"

"Kai, rufa mani baki, mai takalmi ɗaya!" Ta dungure shi a goshi. "Ka san ko ni wace ce? Uwata ƙanwar ubanka ce, ciki ɗaya. Kai ɗan kawuna, ni ɗiyar gwaggonka. Taubashiyarka ce ni. Ko gaban sarki na kama ka sai na yi maka tsiya, kuma ba ka da ikon yin fushi."

Badaru ya juya ga Alhaji yana neman agaji. Alhaji ya buɗe hannuwa. "Ai in taubasai ne, ba mai shiga. Sai haƙuri."

Ai kuwa ta samu abin yi. Ta ja gashin bakinsa ta ce na kumandan ne ya aro. Ta ɗaga kwat ɗin ta tambayi mata ko wani ya ga ƙanƙara a hanya. Ta ce a auna ƙafarsa a ga ko ta gaji gudu, don tumbin dai bai gada ba. Duk abin nan Badaru yana tsaye yana yaƙe, don al'ada ta ɗaure shi, taɓo na bushewa a jikinsa yana zubowa ƙasa.

Can sai ta daina dariya. Ta kwance igiyar daga wuyansa, ta riƙe tagullar a tafin hannu.

"Mu ba mu ƙi kawu don ya gudu ba. Yaro ne, tsoro ya ji, yaƙin kuma ba namu ba ne. Uwata har ta mutu, duk fataken da suka zo daga kudu sai ta tambaye su ko sun ga wanta. Ni ma na tsufa ina jiran wani nashi ya zo ya ce ina kwananku. Tafiyar rabin wuni ce tsakaninmu. Ashe ranar da za ka zo, ba mu ka zo gani ba, muƙami ka zo nema da hoton yaron da ya mutu a madadin ubanka."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Kunya ta kama Badaru har ya rasa inda zai sa idonsa. Leah ta rataye ragamar da tagullarta a ƙusa, ta cika masa aljihun kwat da gyaɗa, ta ce ya gai da matarsa, ya kuma kawo ta a ga juna.

A hanyar dawowa Badaru ya sa ran maganar za ta tsaya a Kukar Sarjan. Amma Lawwali, tun suna ƙauyen, ya riga ya tura abin da ya ɗauka zuwa zauren 'yan kasuwa na waya, kamar yadda Badaru da kansa ya umarta. Kafin su sauka, har masu shayi sun kalla sau uku.

Kana tsammani ya ɓuya? Ba ka san Badaru ba. Kwana biyu ya yi a gida, kunyar ta narke. Ranar Lahadi sai ga shi cikin kaki, Fatu ta wanke ta goge, ya tsaya gaban taro kafin Alhaji ya yi magana.

"Jama'a, na san kun ga wani abu a waya. To ku yi tunani. Mutum ɗaya, ba bindiga ba wuƙa, ya ƙwace abin hawan kumandan sukutum, da rana tsaka! A aikin soja wannan shi ake kira kai hari. Wa ya taɓa yin haka a zuriyar Maharazu?"

"Ba ko ɗaya," in ji Maharazu.

Alhaji Uwaisu ya miƙe. "Badaru, na san ubanka, ina yaro na sayi kanwa a hannunshi. Shekara talatin ya yi a garin nan bai yi wa kowa ƙarya ba. Kai ka yi mashi ita. Maharazu ne kwamanda."

Aka yi tafi. Badaru ya tsaya kamar an dasa shi, ga kaki sabo, ga jama'a na kallo. Maharazu, da yake ba mugu ba ne, ya ji tausayinsa.

"Alhaji, kakin ya riga ya ɗinku. A ba shi wani wuri ya tsare. Ga turken jakuna can bayan rumfuna, ba mai kula da shi."

Badaru ya gyara hula. Kwamandan turke ma ai kwamanda ne. Ya juya ya nufi wurin da tafiyar soja, hagu dama, hagu dama. Bai kai rabin hanya ba ya ga mutanen ƙauye na rige-rige. Na Daddara na kwance nasu, na Bugaje na kwance nasu, kowa na jan jakinsa yana waige. Kafin ya isa, turken ya zama fili, sai igiyoyi da kashin jaki.

Wani dattijo daga Bugaje, riƙe da igiyar jakinsa gam da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda duk kasuwa za ta ji.

"Alhaji, don Allah ku ba shi gadin buhu, buhu ba ya tafiya. Amma abin da ake hawa, ban da ɗan gidan nan!"